Mai Aski Da Shirin 'Yan Makaranta

Duk layin an san mai aski da abu biyu: hannunsa ba ya rawa a kan mutum, kuma ranar Asabar da yamma ko wane ne a kujerarsa sai ya jira. Da zarar kiɗan buɗe shirin 'yan makarantar nan ya tashi a 'yar talabijin ɗin da ke maƙale saman madubi, sai ya kashe kilifa ya rataye ta a ƙusa, ya jawo benci ya zauna, ko da kuwa rabin kai ya aske. Mutum da furfura a gemu, ya tasa yara masu rigar makaranta a gaba yana kallo baki sake. Mai kemis da ke jikin shagonsa ya sha yi masa tsiya, yana cewa a haɗa masa jakar littattafai da gorar ruwa kawai a kai shi aji. Mai aski sai dai ya yi murmushi ya ƙara sauti.

Ba wanda ya san dalili in ban da yayarsa.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi. Tana ƙarama, ko firamare ba ta shiga ba, aurensa da uwarta ya mutu. Ba wani babban abu ne ya kashe auren ba, zafin zuciyarsa ne na lokacin da baƙaƙen maganganu da suka taru, har aka kai inda ba a iya komawa. Uwar ta ɗauki yarinyar ta koma garinsu, daga baya ta auri wani ma'aikacin asibiti, suka ƙara nisa. Da fari fushi ne ya hana shi zuwa, daga baya kunya, daga nan kuma sai rashin zuwan ya zama jiki. Da ya daure ya je wata shekara, a falon mijin uwarta aka sauke shi. Yarinyar ta shigo ta gaishe shi ta zauna a bakin kujera tana kallon yatsun ƙafarta, har ya gama shan ruwan da aka kawo masa ya yi sallama. Bai sake komawa ba.

Abin da ya rage sai waya. Yakan kira lambar uwar jefi-jefi a miƙa wa yarinyar. Ya ce Mamana, don sunan mahaifiyarsa ya sa mata, ya makaranta, ta ce lafiya. Ya karatu, ta ce lafiya. Daga nan sai su yi ta sauraron numfashin juna, shi yana lalubo abin faɗa a ƙwaƙwalwa kamar mai neman allura a aljihu, har ya ce to a gaida mutanen gida.

Wata Asabar, tana ajin farko na sakandare, ya kira. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce ya yi haƙuri za ta ajiye, an fara shirinta. Ya tambayi wane shiri, ta faɗa masa tashar a gurguje ta kashe. Babu kowa a shagon, sai ya murɗa ya kamo. Yara ne a wata makaranta, ana ta rigima a kan wanda ya saka ƙadangare a jakar shugabar ɗalibai. Bai fahimci rabin abin ba, amma ya kalla har ƙarshe. Da mako ya zagayo ya kira ta bayan an gama, ya ce shi fa yana zargin wannan dogon yaron mai buga ƙwallo ne ya saka ƙadangaren.

Sai ta ce, “Baba, kana kallo?”

Ranar ya fara jin dariyarta tun da ta yi wayo. Ta ce ba shi ba ne, ai dogon matsoraci ne, ta shiga ba shi tarihin kowa tun daga farko, wa ke gaba da wa, wa ke son wa a ɓoye. Sai da wayar ta yi zafi a kunnensa. Da suka yi sallama ya daɗe a zaune a kujerar aski yana kallon kansa a madubi, bai san lokacin da mai kemis ya leƙo ya ce yau kuma wa ya yi maka kyauta ba.

Haka abin ya ɗore shekara da shekaru. Yaran shirin suna girma, ita ma tana girma tare da su, ana canja musu aji ana canja mata. Da aka saya mata wayarta ita ce ma take kira, tun ba a gama nuna sunayen 'yan wasa ba. Ta cikin hirar shirin ya san 'yarsa. Ya san ba ta son mutum mai fuska biyu, ya san lissafi yana ba ta wuya kamar yadda yake ba ƙawar jarumar, ya san in abu ya ɓata mata rai sai ta ce “shi ke nan ai” ta canja magana. In an tafi hutun shirin sai ya rasa inda zai sa kansa, har yayarsa takan ce ya rame.

Jarumar shirin wata yarinya ce mai gilashi, mai kaifin baki, da ke zaune da uwarta su biyu. Ubanta direban babbar mota ne da ya tafi tun tana ƙarama. Ba a cika nuna shi ba. Wani lokaci sai a hango shi a tsallaken titi lokacin tashi daga makaranta, yana tsaye jikin wata bishiya da hularsa a hannu, har yarinyar ta shiga mota ta wuce ba ta gan shi ba. Wani lokaci ya buga waya ya kasa magana ya kashe. Duk sanda aka nuno mutumin nan sai mai aski ya ji kamar an zare masa riga a tsakiyar kasuwa. Amma a hirarsu ba su taɓa ambatarsa ba. Za su yi maganar kowa, har maigadin makarantar da kyanwarsa, sai su tsallake direban kamar yadda ake tsallake rami a hanya. Shi ya ɗauka kunya ce irin tasa.

Sai aka sanar cewa shirin zai ƙare a bana, da bikin kammala karatun yaran. Ita ma a bana za ta kammala. A makonnin ƙarshe aka riƙa nuna direban sosai: ya daina tuƙin nesa, ya kama ɗaki a garin, ya shiga kanti ya daɗe yana zaɓen agogon hannu na mata. Kowa ya san inda aka dosa. Ai haka ake ƙare irin waɗannan abubuwa, a rungume juna a yi kuka a yafe.

Mai aski ya gama tsara nasa a zuci. Ranar da mai gilashi ta yafe wa ubanta, yana cikin hira da 'yarsa zuciyarta a tausashe, zai ce mata yana so ya zo nata bikin. In ta amsa, sai ya ƙara da cewa ta zo ta yi masa hutu kafin sakamako ya fito. Akwai wani ƙaramin ɗaki a gidan da yake haya, wanda ya cika da tsofaffin kujerun aski da wata fanka da ta mutu. Ya kwashe su, ya goge yanar gizo-gizo, ya shafa fenti ruwan ƙwai da hannunsa. Ya sayo katifa sabuwa bai cire ledarta ba, ya sa labule mai furanni, ya kafa 'yar kanta a bango don littattafai.

Yayarsa ta zo ta tarar da shi yana kankare ɗigon fenti a ƙasa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta tambaye shi ko yarinyar ta ce za ta zo. Ya ce tukuna dai. Ta tambaya ko ya yi magana da uwarta. Ya ce lokaci bai yi ba, akwai abin da yake jira. Da ta matsa ya faɗa mata abin da yake jira, sai ta zauna a kan katifar, ledar tana ƙara a ƙarƙashinta.

“Ɗan'uwana, waɗancan fa biyansu ake yi su yi kuka,” ta ce. “Ka kira 'yarka ka yi mata magana da bakinka.”

Ya ce Yaya ba za ki gane ba. Ta ce ta yiwu, ta tashi ta gyara masa labulen da ya rataye a karkace.

Ranar ƙarshe shagon ya cika tun kafin lokaci. Masu yi masa dariya a da duk shirin ya kama su a hankali, tun suna leƙe daga bakin ƙofa har suka san sunan kowa. Mai kemis ya rufe shagonsa ya zo da kujerarsa. Mai gyaran waya na tsallake ya zo, tela ya zo da tef rataye a wuya, har da wasu 'yan mata biyu masu sayar da katin waya da suka tsaya ta taga. Mai aski ya zuba mai a janareta ya ajiye a shirye ko da za a ɗauke wuta. Ya sa rigar da ba ya aiki da ita.

An nuna bikin. Dogon mai ƙwallo ya samu gurbin karatu, ƙawar da lissafi ke ba wuya ta tsallake da kyar, shugaban makaranta mai baƙin rai ya share hawaye a ɓoye, shagon ya yi dariya. Mai gilashi ta hau ta karɓi kyauta, uwarta tana tafi tana kuka. Sannan aka nuno direban a bakin ƙofar makaranta, ya yi aski ya sa kaya masu guga, da ɗan ƙaramin kwali a hannu. Wannan karon bai tsaya a tsallake ba. Ya tako har gabanta ya kira sunanta.

Kowa a shagon ya zuba ido. Mai aski ya matso bakin benci.

Yarinyar ta dube shi. Ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo wurin maƙwabci. Ya miƙa mata kwalin, ta ce ta gode amma tana da agogo, ta nuna na hannunta. Ya fara cewa yana so ta sani, ta ce ana jiranta, Allah ya kai shi gida lafiya. Ta juya ta riƙe hannun uwarta suka shiga cikin jama'a. Aka daɗe ana nuna shi a tsaye da kwalin, mutane suna ratsa shi ta ko'ina. Sai kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa.

Tela ne ya fara magana, ya ce a jira, akwai saura bayan talla. Aka jira. Bayan tallar sabulu sai labarai.

Nan fa shagon ya kaure. Mai kemis ya ce wanda ya rubuta wannan abu da gani bai san daɗin uba ba. 'Yan matan taga suka ce shekarunsu aka cinye a banza. Tela ya ce ko ɗinki ne aka kawo ƙarshensa haka ai sai a farke. Mai gyaran waya ya riƙa karanto musu abin da mutane ke rubutawa, dubbai, kowa yana tsine wa masu shirin, wasu na cewa yarinyar ba ta da tarbiyya, wasu na cewa a dawo a sake. Mai aski yana zaune yana sauraronsu. Hayaniyar ta ɗan sanyaya masa rai. Duniya duka ta ga an zalunci mutumin nan. Ita ma za ta gani. Wataƙila ma hakan ya fi, su haɗu a kan haushi ɗaya, daga nan sai ya shigo da maganarsa.

Ya ɗora wayar a kan teburin madubi, tsakanin hoda da burushi. Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ya share gashi, ya wanke tsefe, ya ninke tawul. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya ce wataƙila kuka take yi, bari a bar ta.

Washegari da hantsi, kafin ya buɗe shago, ya kira daga cikin sabon ɗakin yana jingine da bango, warin fenti bai gama fita ba. Ta ɗauka da muryarta ta kullum, ta ce jiya sun yi baƙi ne shi ya sa ba ta kira ba. Bai jira ba ya shiga zuba abin da ya kwana yana tarawa. Ya ce an ci amanar masu kallo, ya maimaita maganar tela da ta mai kemis, ya ce mutum ya bar aikinsa, ya tako da ƙafarsa a gaban jama'a, a bar shi tsaye kamar turke. Ya yi ta magana har ya lura ita ba ta ce komai ba.

“Mamana, kina ji na?”

“Ina ji, Baba. Ni dai ya yi mini daidai.”

Ya ɗauka bai ji da kyau ba. Ta ce tun da aka fara nuna yana zaɓen agogo gabanta yake faɗuwa, tana tsoron za su sa mai gilashi ta rungume shi. Da sun yi haka da ta ji an yi mata ƙarya. Ta ce ai ba ta zage shi ba, ta gaishe shi, har addu'a ta yi masa.

“Amma ya zo fa,” in ji shi.

“Ya zo ranar da aka gama komai. Lokacin da aka kwantar da ita a asibiti yana ina? Lokacin da aka kore ta daga aji, uwarta ce ta je ta yi ta roƙo. Shi yana jikin bishiya. Tsayuwa a jikin bishiya ai ba zuwa ba ne, Baba.”

Ba da zafi ta faɗa ba. Da irin muryar da take yi masa bayanin wa ke son wa ta faɗa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya dubi labulen, ya dubi kantar da babu littafi ko ɗaya. Ya tambaye ta, a hankali, ko da shi take.

“Shiri ne fa, Baba,” ta ce. “Shi ke nan ai.”

Ya san abin da wannan kalma take nufi a bakinta. Duk da haka, tun da ya riga ya ɗauko maganar, sai ya ƙarasa ta a sanyaye, ya tambayi yaushe ne nasu bikin. Ta faɗa masa watan. Ta ce mutum biyu kawai aka ba kowane ɗalibi, zauren ba shi da girma, Mama za ta je da Abba. Bai taɓa jin abin da take kiran mijin uwarta ba sai ranar. Ya ce hakan ya yi, Allah ya sa a yi lafiya. Ta ce amin, za ta turo masa hoto. Maganar hutu ko ɗaga ta bai yi ba.

Asabar ta gaba aka sa shirin noma a gurbin. Ya kalli wani mutum yana bayanin takin zamani har ƙarshe, kilifa a hannu, ba tare da ya ji kalma ɗaya ba. Ya kira ta ya tambayi wane shiri za su koma kallo yanzu, ya ce ya ga ana tallar wani na 'yan jami'a. Ta ce jarrabawa ta matso, an ma cire talabijin daga falo, kuma ita gaskiya ta fara gajiya da irin waɗannan. Ya gwada kallon na 'yan jami'ar shi kaɗai, ya haddace sunayensu ko da za a buƙata. Da ya kawo mata labarinsa ta saurara da ladabi ta ce da alama yana da kyau. Bai ƙara kunna shi ba.

Mai gyaran waya ya zo masa da labari wata rana cewa masu kallo suna tara sunaye don a tilasta wa tashar ta sake ƙarshen. Ya ce ai kai ne babba a layin nan, kawo wayarka in sa ka. Mai aski ya miƙa masa, aka sa shi. Na ɗan lokaci yakan tambaya ko an ji wani abu. Daga baya tashar ta ce labari ya ƙare yadda aka nufa, 'yan wasan ma kowa ya kama gabansa. Mutane suka yi 'yan zage-zage suka koma wani abin. Mai kemis da ya fi kowa kumfar baki har ya manta yadda aka ƙare, wata rana yana cewa ai kamar ta karɓi agogon daga baya. Mai aski bai gyara masa ba.

Hoton ya zo kamar yadda ta yi alkawari. Yana tsakiyar gyara wa wani dattijo gemu ya ji shigowarsa, ya bari sai da ya sallame shi. Ta yi tsawo, ta ɗauko goshin mahaifiyarsa sak. Uwarta tana dama, mijin uwar yana hagu ya dafa kafaɗarta, su ukun suna dariyar wani abu da aka faɗa a bayan mai ɗaukar hoton. Ya rubuta mata Allah ya yi albarka. Ta amsa da amin, na gode Baba.

Ɗakin kuwa ya zauna a rufe har ƙura ta kwanta a ledar katifar. Da ɗan yayarsa ya samu aiki a kusa yana neman wurin kwana, ita ba ta tambaya ba, shi ne da kansa ya aika masa da makulli.

Bayan sakamako ya fito, yayar ta biyo ta shagon wata safiya tana hanyar kasuwa. Ta tsaya daga waje tana gyara jakarta, ta ce ta haɗu da wata 'yar'uwar tsohuwar matarsa a asibiti, ta ce yarinyar ta samu karatun aikin jinya, har ta tafi tun makon jiya. Ta faɗa tana kallon fuskarsa, don ta gane ko ya sani. Ya ce madalla, Allah ya ba da sa'a. Ya tambayi wane gari. Ta ce ba ta tambaya ba, ta ɗauka shi zai faɗa mata.

Wani ya shigo ya zauna a kujera ya ce a rage masa gefe kawai, sauri yake yi. Mai aski ya kaɗe mayafi ya ɗaura masa a wuya, ya ce wa yayarsa ta gaida gida.